Tagogin Bonet da Sumar Kanemaru

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyara wa Kanemaru Shigeo suma, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya tak ya taɓa yin shirun minti biyar a kujerata. Zan zo kan wannan shirun. Shagona yana kallon garejin gidansa, siririn titi ne kawai tsakaninmu, don haka abin da ban ji daga bakinsa ba nakan gan shi ta taga. Sunana Nagumo, aski ne sana'ata. Lahadi ɗaya a kowane wata kuma nakan rufe shago in hau tsauni in riƙe wa ƙungiyarmu agogo a wasan jimukana. Jajayen robobi muke jerawa a filin ajiye motoci na wurin wasan ƙanƙara, tunda in ƙanƙara ta narke ba mai amfani da shi. Kowace mota ta shiga ita kaɗai ta kewaye su, wanda ya ture roba ɗaya a ƙara masa sakan biyar.

Abu biyu Kanemaru yake da su a duniya, jar motarsa mai ƙofa biyu da sumarsa. Matarsa Fumie takan ce ita ce ta uku, shi ma in an yi mata alfarma. Tun yana saurayi yake tara gashin gaba, a labta masa mai, a murɗe shi ya yi tudu a saman goshi kamar zankon zakara, a kwantar da saura zuwa ƙeya. Yayin wannan gyaran ya wuce tun kafin a haifi 'yarsa, amma shi har yau sanarwar ba ta iso shi ba.

Ga abin da unguwa ba ta sani ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakiyar kan nan ta zama fili fetal, sanƙo sosai, faɗinsa ya kai bakin kwanon shinkafa. Duk Juma'a da yamma sai na sauke labulen shago, in jawo dogon gashin gaba da na gefe in yi wa wurin jinka. Bai taɓa ambatarsa ba, ni ma ban taɓa ba. In hannuna ya iso wurin sai ya ce, "Nagumo, tsakiyar nan ta yi yawa, ka ɗan rage." Ni kuma in kaɗa almakashi a iska in ce, "Ai kam ta yi yawa." Yanzu da nake ba ku labarin ba na jin tsoro, don shaida ta riga ta ɓace, ko kun tambaye shi musawa zai yi.

Abokiyar karawarsa a fili kuwa Iwase Tomoe ce, shekararta sittin da bakwai, mai gonar tufa a bayan gari. Motarta 'yar mitsitsiya ce fara, kujerar baya tana warin taki. Ba ta taɓa sa mata komai ba sai mai da taya. A watan Mayu ta kayar da shi karo na tara a jere.

Muna zaune a ƙarƙashin rumfa ana cin shinkafa, tana zagayawa da kwanon kokwambarta mai tsami tana zuba wa kowa, Kanemaru ya fito daga banɗaki. Can yake shiga da hular kwano a kai, ya yi minti ashirin, ya fito zanko a tsaye.

"Zafi ne," in ji shi, ba wanda ya tambaye shi. "Injin nan shaƙewa yake yi. Zafi ya taru a ƙarƙashin bonet, ba shi da ƙofar fita. Ni na san iska, shekara ashirin da shida ina harkarta."

Harkar da yake nufi tallan na'urar sanyaya ɗaki ce. Bai taɓa ɗaura ko ɗaya a bango da hannunsa ba.

"Ayya, bawan Allah," in ji Iwase. "Ashe zafi ne ya ture maka roba uku. Ungo kokwamba, tana sanyaya jiki."

Aka bushe da dariya. Kunnuwan Kanemaru suka yi ja.

"Iya, ki yi dariyarki ta ƙarshe. Tagogin iska zan huda a bonet, irin na manyan motocin tsere. Jama'a ku shaida! Wata mai zuwa, in Iya ta sake riga ni ko da ƙiftawar ido ce, Nagumo ya yi mini aski ƙwal a nan filin, a gaban kowa!"

A wurinmu ba a wasa da wannan magana. Namiji in ya yi abin kunya ya aske kai, an yafe, an wuce wurin. In kuwa ya yi rantsuwa da aski ya noƙe, har ya mutu da baki za a riƙa nuna shi. Tsoho Tokunaga, bakanikenmu kuma shugaban ƙungiya, ya ciro biro ya rubuta maganar a takardar sakamako, ya miƙa wa Kanemaru ya buga hatiminsa. Ni kuwa tsinken cin abinci ya kusa suɓuce mini. Muka haɗa ido da Kanemaru, na ga daidai lokacin da maganar ta isa kunnen mai ita.

Bayan mako biyu kwali ya iso daga ƙetare. A ciki akwai baƙaƙen tagogi biyu masu yanka-yanka, da takardar awo da ake shimfiɗawa a kan bonet a bi layinta, da fayafayai biyu na tare ruwan sama, da ɗan littafin bayani. Littafin ne ya fara shiga shara.

"Wannan don waɗanda ba su san iska ba ne," in ji shi.

Tokunaga ya tako da sandarsa ya duba takardar awon, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Shigeo, wannan ta motocin can ce, masu sitiyari a hagu. Su akwatin fiyus ɗinsu a ɗaya ɓangaren yake. In ka bi layin nan yadda yake, ramin zai faɗo daidai kan wayoyinka. Kawo ta gareji gobe mu cire bonet ɗin, mu auna daga ciki."

"Tokunaga-san, da girmanka? Iska ta san hagu da dama ne?"

"Ita ba ta sani ba. Ruwan sama ma bai sani ba."

"Ka ga, aikin minti arba'in ne. Ka je ka sha shayinka."

Ran Asabar da hantsi ya fito da injin yankan ƙarfe na aro, ya ɗaure kai da tawul biyu. Bai cire bonet ba, bai rufe inji da komai ba. Na tsaya da aski ina kallo ta taga, wanda nake yi wa askin ma ya ce in juya masa kujera, ba zai biya kuɗi ya rasa wannan ba.

Yankan farko injin ya yi tsalle, ya ja wani layi zuwa wajen fitila. Tartsatsi ya yi sama, ya sauka a kan katifar da Fumie ta shanya a katanga. Ta leƙo daga bene.

"Maigida, wane wari nake ji?"

"Warin aiki ne!"

"Aikin yana cin katifata."

Ta sauko da buta ta kashe, ta ɗaga katifar sama, rana tana leƙowa ta huji bakwai.

"Sannu. Ita ma ta samu nata tagogin. Daga yau kai za ka kwana a kanta, ka ji yadda iska ke ratsawa."

Ramin dama ya fito a karkace. Don ya miƙar da shi sai ya ƙara faɗinsa. Da ya ja baya ya duba, na hagu ya yi ƙanƙanta, sai ya ƙara shi. Yanzu kuma na dama ne ƙarami. Na san wannan ciwon sarai, shi ke kama sabon mai aski a kan saje, rage nan rage can har mutum ya tashi ba saje. Kafin azahar kowane rami ya isa kyanwa ta shige ba ta sunkuya ba. Da ya ɗora tagar a kai, sai ta zarce ciki, muka ji ƙararta a kan inji.

Ana haka injin yankan ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙasa. Su ne ƙarafunan da aka gicciya a cikin bonet don su riƙe shi, kamar haƙarƙari. Mutum mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Kanemaru ƙara dannawa ya yi.

"Nauyin banza ne!" ya ƙwala mini ta tsallaken titi. "Kilo guda na rage yanzu!"

Giɓin da ya rage a gefen tagogin kuwa, da farantin gasa kifin Fumie ya cike shi, ya yanka shi huɗu ya ɗaure da ƙusoshi. Fayafayan tare ruwa ya ce suna toshe numfashi, ya jefar. Fumie ta tsince su ta sa a ƙarƙashin tukwanen furenta, kuma a cikin duk abin da ya zo a kwalin nan su kaɗai suka yi aikin kirki.

Da yamma Tokunaga ya dawo, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Ka juya su."

"Me na juya?"

"Bakinsu baya zai kalla. Zafi ake so ya fita. Kai ka sa su suna kallon gaba, za su riƙa kamfatar iska suna cusa ta ciki, ta rasa inda za ta bi."

"Haba Tokunaga-san! Wane mahaukaci ne zai juya wa iska baya? In kana jin zafi, fanka kake fuskanta ko ƙeya kake ba ta?"

"Ni dai ba na gudun kilomita casa'in a falo."

"Za ka gani."

"Ai shi nake tsoro."

Ran Litinin ya fitar da guntayen ƙarfen a jakar shara. Litinin ranar sharar ƙonawa ce, ba ta ƙarfe ba. Masu kwasa suka manna wa jakar takarda rawaya suka bar ta a bakin titi, jan fenti yana leƙe. Ba suna a jiki, amma jan bonet nawa ne a unguwar? Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi gaisuwa. Tokunaga ya zaro guntun haƙarƙari ɗaya da sandarsa, ya ɗaga shi, ya ce da ni, "Wannan kusa da makullin bonet yake. Nagumo, ka wasa askarka."

Sai damina ta sauka. Kwana biyu ana tsuga ruwa, garejin Kanemaru kuwa rumfa ce kawai mai yoyo. Ran Laraba ƙarfe shida da rabi na safe, ina ɗora ruwan shayi, sai na ji hon ya ɗauka. Ba ɗan taɓawa ba, kuka mai tsawo ba numfashi. Na leƙa, ga mota ba kowa a ciki, fitilu suna ƙiftawa, waifa tana kai da kawowa ita kaɗai. Ruwa ya bi ta tagar hagu ya sauka daidai inda Tokunaga ya ce.

Kanemaru ya fito da kayan barci da hular wanka a kai. Ya ja igiyar bonet, bonet ya ƙi buɗewa don ya lanƙwashe. Ya danna, ya ja, ya roƙe shi. Karnukan unguwa suka kama amshi. Tagogin gidaje suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kallo kawai ake yi, kuma a unguwarmu wannan kallon ya fi zagi ciwo. Minti talatin da biyar aka yi kafin Tokunaga ya iso da lema da ƙarfen banƙara, ya cire kan batir.

"Gwajin ƙarfin hon nake yi," in ji Kanemaru.

"Ya ci jarrabawa," in ji Fumie daga bene. "Gida goma sha huɗu. Na ƙirga. Ka je ka sayo biskit."

Haka ya bi gida goma sha huɗu da kwalin biskit yana ba da haƙuri. Rusunawar ban haƙuri tana son a sunkuya sosai, sunkuyawa sosai kuwa a cikin iskar damina hatsari ce ga jinkata. Sai ya ƙirƙiro sabuwar rusunawa, gwiwa ta lanƙwashe, wuya a sandare, hannu ɗaya a ƙeya. Kuma a kowace ƙofa ban haƙurin yakan rikiɗe ya zama darasi. Wata tsohuwa ta ce da ni ta karɓi biskit ɗin, amma da ta san sai ta saurari yadda zafi ke tashi sama, da ta zaɓi hon.

Ran Alhamis mijin Iwase ya zo aski. Mutum ne shiru-shiru, irin tsofaffin da har yanzu suke son a nannaɗe musu gashi da ƙarfe mai zafi ya yi ƙudu-ƙudu, a rina shi baƙi wuluk. Na rage masa sosai. Da ya tafi na share gashin, maimakon in zuba a shara sai na ɗure shi a leda na sa a aljihun rigar aikina. Zan so in ce ban san dalili ba, amma na sani.

Ran Juma'a na sauke labule, Kanemaru ya zauna. Ya fara da cewa injin yanzu har wani sanyi yake hurawa, ya ɗaure akwatin fiyus da ledar shinkafa, magana ta ƙare. Na ce to. Can sai murya ta yi ƙasa.

"Nagumo. In za a yi wa mutum ƙwal, ta ina ake farawa?"

"Ta inda mai askin ya ga dama."

Ya yi shiru. Wannan ne shirun da na ce zan zo kansa. Ina kallonsa a madubi, mutum mai shekara hamsin da takwas, yana kallon zankonsa kamar wanda ya rako ɗan'uwa tasha. Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ba askin yake tsoro ba, gashi ai yana tsirowa a inda ya saba tsirowa. Tsoronsa ɗan lokacin nan ne da za a ɗaga jinka, mutum arba'in su ga abin da ya ɓoye shekara goma sha ɗaya.

"Ka ce motar ta lalace mana," na ce. "Ba ƙarya ka yi ba. Duk unguwa ta ji da kunnenta."

Nan take ya dawo hayyacinsa, wato ya fita daga hankali.

"Ni? In gudu saboda mai tufa? Ka zo da agogonka kawai. Kilifa kuwa bar ta a gida, nauyi za ta yi maka."

Na sa kilifa mai batir a caji tun a daren.

Ran Lahadi ana yayyafi. Filin da ba ya tara mutum ashirin ya cika, har da waɗanda ba su san inda birki yake a mota ba. Gida goma sha huɗun nan duk sun aiko wakili, wasu da kujerun naɗewa. Fumie ta zo da kyamara, ta ce ta shekara talatin ba ta ga fatar kan mijinta ba, ko a hoto.

Iwase ta shiga. Ba ƙara, ba hayaƙi, 'yar motar ta bi robobin nan kamar mai zagaya bishiyoyin gonarta. Na danna agogo, sakan hamsin da takwas da ɗigo huɗu. Ta fito ta koma kan kwanon kokwambarta.

Kanemaru ya ja jar motarsa zuwa layi, ya taka totur sau uku don jama'a su ji. Tokunaga ya leƙa ta taga.

"Shigeo, bari in ɗaure maka bonet ɗin nan da igiya. Minti ɗaya."

"Igiya? Akuya ce?"

Aka sauke tuta. Zan faɗi gaskiya, a kwanar hanya ta farko da ta biyu ban taɓa ganin ya yi tuƙi mai kyau haka ba. Tsoro malami ne. Har na ji zuciyata tana cewa ko dai, ko dai. Sai ya fito miƙaƙƙiyar hanya ya ba ta wuta, tagogin nan suka buɗe baki suka shiga aikin da ya ɗora su.

Da farko bonet ya fara rawa. Sai ya kumbura a tsakiya. Sai guntun farantin kifi ɗaya ya yi sama, ya wuce ta kan rumfa.

"Farantina!" in ji Fumie, ba ta sauke kyamara ba.

Sai ji muka yi fam! Makulli ya saki, bonet ya tashi tsaye ya mari gilashin gaba, ya kwanta a kai ya rufe shi ruf. Ledar shinkafa ta fice, ruwa ya samu hanya, hon ya ɗauka daga inda ya tsaya ran Laraba. Waifa ta shiga dukan bonet ta ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Kowa ya ɗauka zai tsaya. Tokunaga yana kaɗa jar tuta da hannu biyu. Amma ramin dama, wanda aka faɗaɗa sau huɗu, ya faɗo daidai fuskar direba. Ta cikin yanka-yankan muka hango idanu biyu a cikin hular kwano. Mutumin nan ya ci gaba da tuƙi yana leƙe ta tagar da ya huda da hannunsa. Gaba kawai yake gani, gefe kuwa sai abin da hali ya yi. Ya kwashe roba ta biyar da ta shida, ta bakwai ta maƙale a ƙarƙashin mota tana ja tana kuka. Wurin da ake zagaya roba sau ɗaya ya zagaya fili sau biyu, robar tana can gefe tana kallonsa. Masu kujerun naɗewa suka naɗe su suka haye tudu. Ya shigo layin ƙarshe a karkace, ya tsaya taku uku daga teburina, hon yana ta yi.

Minti ɗaya da sakan arba'in da ɗaya. Roba goma sha ɗaya. Ban ma wahalar da kaina da lissafi ba.

Tokunaga ya sake cire kan batir. Kanemaru ya fito, bai cire hular kwano ba, ya dafa ƙofa.

"Kun gani?" in ji shi. "Da na bi awon takardar nan, ta ina zan ga hanya? Kuma ku zo ku duba allurar zafi. Ko motsi ba ta yi ba!"

"Gaskiya ne," in ji Tokunaga. "Babu motar da ta kai taka shan iska yau."

Dariyar da aka yi har tsauni ya amsa. Iwase ce kaɗai ba ta yi ba. Ta matso tana goge hannu.

"Kanemaru-san, a bar maganar askin nan. Ai raha ce. Ni ban riƙe ta ba."

Kanemaru ya dube ta. Ƙofa ce a buɗe, taku ɗaya ya rage ya shige. Amma ta faɗa a gaban mutum arba'in, kuma da tausayi a muryarta, shi kuwa ya gwammace a daka shi da a tausaya masa.

"Iya, hatimina yana kan takarda. Nagumo! Kawo kujera."

Muryar ce kawai ta maza. Da ya zauna sai ya riƙe hular kwanon da hannu biyu.

Na ce haske ya fi kyau ta nan, na ja kujerar har bayanta ya kusa jingina da motar kayan Tokunaga, yadda ba mai iya zagayowa. Na ce kowa ya ja baya taku biyar, gashi mai mai in ya shiga ido sai asibiti. Na yafa masa mayafi, na ɗora babban tawul a kan hular, na zare ta ta ƙarƙashi. Sannan na tsaya a bayansa na kunna kilifa, na cusa ta ƙarƙashin tawul, daidai tsakiyar kai, inda ba abin da za ta ci.

Ta yi ta kuka a kan fata. Ɗaya hannuna yana aljihu. Na damƙo baƙin gashi na saki a kafaɗarsa, ya gangara ƙasa. Na sake damƙowa.

"Kai!" na ce da ƙarfi. "Tsakiyar nan sai ka ce daji. Kilifar har tana shaƙewa."

Na ji kafaɗarsa ta sandare a ƙarƙashin hannuna, sannan a hankali ta saki. Na lafta kumfar sabulu ta rufe wurin, na yaye tawul, sannan na zo gaba na sa kilifa a gindin zanko. Ya faɗo gaba ɗaya a cinyarsa, a murɗe yadda yake, jama'a suka yi shewa, Fumie tana ta ɗauka. Na bi da aska har kai ya zama ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, ba mai iya cewa nan ne tsohon fili, nan ne sabo.

Ya miƙe, ya rusuna wa Iwase, rusunawa ta gaske wannan karon, har ƙasa, ba hannu a ƙeya. Aka tafa masa. Sannan ya dubi tulin gashin da ke ƙasa, ya dube ni, idonsa ya ɗan kawo ruwa. Na ɗauka yau dai zai yi shiru.

"Jama'a ku dubi wannan!" in ji shi. "Shekara hamsin da takwas! Wa ke da rabin wannan a cikinku? Nauyin nan ma ai ya isa ya ci mini sakan biyu!"

Ina durƙushe ina wanke aska, sai na ga takalmin gona ya tsaya a gabana. Iwase ce. Ta sunkuya ta tsinci wani ɗan gashi daga tulin, ta riƙe shi a tafin hannu. A nannaɗe yake, ƙudu-ƙudu. Gashin Kanemaru kuwa duk duniya ta san a miƙe yake.

"Nagumo-san," ta ce a hankali, "shekara arba'in da uku ina tsintar wannan a matashin kaina. Ban san yana hawa tsauni shi kaɗai ba."

Ta dubi inda Kanemaru yake tsaye yana nuna wa mutane allurar zafi, yayyafi yana sauka a sabon kansa. Ta jefa gashin a aljihunta.

"Ka share da wuri, kafin Tokunaga ya sa tabarau. In ka gama ka zo ka ci kokwamba."

Bonet ɗin yana nan rataye a bangon garejin Tokunaga, ya ce yana nuna wa masu son yin aikin minti arba'in. Motar ta samu wani na hannu, fari, ba rami ko ɗaya.

Da Juma'a ta zagayo, da yamma, sai ga Kanemaru ya turo ƙofa, kai yana ƙyalli. Ban san me ya zo a aske ba, amma na sauke labule. Ya zauna, na yafa masa mayafi, ya juya kai hagu da dama a madubi. Gefe da gaba sun fara yin baƙi-baƙi. Tsakiya tana nan yadda na san ta.

"Nagumo," in ji shi, "ka ga har ta fara tsirowa. Tsakiyar nan ce ke ba ni tsoro, ka san yadda take cika. Ka bi ta da aska duk mako, kada ta fi sauran."

Na ɗauki almakashi, na kaɗa shi a iska.

"Ai kam," na ce, "ta yi yawa."